Kaset ɗin da Kawu Ya Amsa Kira a Ciki

Shekarun baya, lokacin muna unguwar Misfala a Makka, kafin a rushe layinmu, akwai kawuna, yayan mahaifiyata, da yake zaune a ɗakin saman gidanmu. Abu biyu gare shi. Ɗaya duk unguwa ta sani, ɗayan ni kaɗai.

Na farkon: in ka kira shi bai gan ka ba, ba zai amsa ba. Ko gobara ce. Kun san dai yadda ake ce mana kar ka amsa kiran da ba ka ga mai shi ba, wai kar ka amsa wa aljani. To ai yara ake tsoratarwa da wannan. Shi Kawu da furfurarsa ya riƙe abin kamar farilla. Ni kuwa tun da ni da makaranta muka rabu lafiya, ba ni da aiki sai in laɓe bayan ƙofa in maƙe murya kamar tsohuwa: "Kawuuu!" Shiru. Sai na leƙo zai ce, "Ya walad, kai yaro, wata rana za ka yi kiran nan, wani ne zai amsa maka."

Na biyun kuma kaset ne. Yana saurayi ya yi aikin jirgin ruwa daga Jidda, har Ingila ya je. A can ya kamu da son wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, makaɗa ne, amma wani irin kiɗa. Waƙa ɗaya sai ka ɗora shinkafa ka sauke ba su gama ba. A yi ta jan jita, a bar ta, a koma sarewa, sai wani abu mai gunji kamar iska a rijiya.

"Kawu, wai yaushe za a fara waƙar?"

"Tun ɗazu aka fara, jahili. Wannan ba na rawa ba ne, na zama ne."

Dattijo a Makka da kiɗan Turawa, ai abin kunya ne. Shi ya sa duk kaset ɗin ya rubuta musu "Tafsiri" a jiki. Akwai guda ɗaya, na wasan da suka yi gaban jama'a wanda shi ma yana wurin, da bai taɓa sa min ba. Sai dai ya toshe kunne da abin ji, ya yi ta mayar da shi baya wuri ɗaya, idonsa a rufe.

Shi da mahaifiyata kuwa gaisuwa ce kawai. Abinci ba ta fasa aika masa ba, amma hira babu. Kakarmu, Inna, ta rasu yana can Ingila, kuma Umma ba ta taɓa yafe masa ba. "Uwarsa na kiransa, yana wajen kiɗan Turawa." Da wannan maganar na tashi.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Umma ta hau haɗa kayansa don sadaka. Ta ce kaset ɗin tafsirin a kai wa alhazai a unguwar Aziziyya su tafi da su gida.

Na ce, "Umma, in kika yi haka, akwai ƙauyen da liman zai suma."

Ta dube ni. Ta gane. "Ashe bai bari ba? Halas, shi ke nan. Kafin la'asar kar in ga ko ɗaya a gidan nan. Shara."

Na hau sama bayan azahar. Irin zafin nan da ko kyanwa ba ta fitowa. Gidajen maƙwabta duk an rushe, ta taga sai ɓaraguzai da ƙofofi a tsaye babu ɗaki a bayansu. Ɗakin yana ƙamshin turarensa, takalminsa a bakin ƙofa kamar yanzu zai fito. Na ce kafin in zubar, bari dai in ji wancan da yake ɓoyewa. A daidai inda ya tsayar da shi na danna.

Tafi, ihun mutane. Sai kiɗan ya riƙa raguwa, ganga ta ɗauke, jita ta ɗauke, sai gunjin nan shi kaɗai, can ƙasa. Shi ma ya ɗauke. Dubban mutane, ko tari babu.

Sai wata murya daga cikin taron, ta saurayi, a firgice:

"Na'am, Inna!"

Muryar Kawu ce, babu tsufa a cikinta. Na juya zan gudu, sai ga Umma a bakin ƙofa da jakar shara a hannu.

"Mayar," ta ce.

Na mayar. Ya sake amsawa. Ta zauna a ƙasa, a kan takalminsa.

"Ni ce a kan Inna ranar da za ta rasu," in ji ta, ba ni take kallo ba. "Ta yi ta kiransa har muryarta ta dishe. Can sai ta yi shiru kamar mai saurare, ta ce min, to ya amsa. Daga nan ba ta ƙara magana ba. Na ɗauka zafin ciwo ne." Ta goge fuska da mayafi. "Da Yaya ya dawo ya ce min ya ji ta, ya amsa. Na ce masa maƙaryaci. Ya ce bari ya sa min in ji. Na ce kar ya kuskura ya kunna min kiɗa a gidan da uwata ta mutu."

Ita ta cire kaset ɗin da kanta. Sauran ma ba a kai su shara ba.

Kar wani ya tambaye ni ko wasan da rasuwar Inna rana ɗaya ce. Ba ni da hujja, Allah ne masani. Na dai leƙa inda masoyan makaɗan suke taruwa a intanet, tsofaffi da 'ya'yansu, na tarar sun daɗe suna muhawara kan mutumin da ya yi ihu a cikin shirun nan. Wani ma ya ce da gangan makaɗan suka shirya shi. Na rufe shafin na bar su.

Yanzu muna unguwar Zahir. Kaset ɗin yana cikin zannuwan Umma, kuma duk sallah sai ta sa Yayanta a addu'a da babbar murya. Sai daga baya na gane ba muryarsa Kawu yake nema ba da yake ta mayar da shi baya. Abin da ya zo kafin ita yake nema, kiran Inna. Na taɓa gwadawa, na sa abin ji, na ƙure ƙara a daidai shirun. Kafin ya amsa na fizge shi daga kunnena, ban kuma sake ba.

Saboda haka in kun hango ni a kasuwa kun kira daga baya na yi banza da ku, ba girman kai ba ne. Ku zagayo ta gaba in gan ku.