Faɗin Ƙofar Baban Biyu

Shekara ashirin da bakwai Maman Biyu tana ɗinki a falon gidanta, kuma ba a taɓa dawo mata da riga an ce ta matse ba. Kallo ɗaya take yi wa mace ta san inda za a saki da inda za a kama. Idan mai kaya ta dage cewa ƙugunta talatin da huɗu ne, sai ta ce "to, madalla", ta rubuta talatin da takwas a littafinta, a rabu lafiya.

Mijinta, Baban Biyu, direban babbar mota ne. Mutum ne mai surutu da son a yaba masa, kuma abin tinƙahonsa guda ne: shekara talatin yana kan hanya, bai taɓa goge wa motar kowa fenti ba. Lungun da ɗan tasi zai tsaya yana shawara, shi da ribas yake shigarsa, gwiwar hannu a waje. Wata safiya yana tsaye a gefen titi yana duba taya, wata mota ta ƙwace ta same shi. Ya yi wata huɗu a asibiti, ya dawo gida a kujera mai taya. Tagwayen 'ya'yansu mata sun zo daga gidajen aurensu, sun yi jinya, sun sha kuka, sun koma.

Kujerar ba ta wuce ƙofar ɗakin kwana. Idan zai fito falo sai an kira maƙwabci da mai shagon bakin layi su cicciɓe shi, a naɗe kujerar a fito da ita, a sake zaunar da shi. Sau uku aka yi haka. A na ukun hularsa ta faɗi, maƙwabcin ya ɗauka ya ɗora masa a ka, har da gyara masa zamanta kamar ana shirya yaro makaranta. Da kyakkyawar niyya ya yi, bawan Allah. Baban Biyu ya yi godiya, da suka tafi ya ce, "Na gama fitowa." Bai kuma sake fitowa ba, wata biyar cur.

Tana ɗinki a falo, yana kwance a ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninsu. Shirun nan ya fi komai cin ranta. Mutumin da take roƙo ya yi shiru ta ƙirga awo, yanzu sai ta tsayar da keken ɗinki ta saurara ko zai yi tari.

Ta kira magini ya faɗaɗa ƙofar. Ya ƙwanƙwasa bangon ta falo, ya ɗaga kai ya kalli rufi.

"Hajiya, bangon nan da kaya a kansa. Sau ɗaya ake fasa irinsa. Ki samo mai zane ya auna ɗakin ciki da waje, ya nuna mini daga ina zuwa ina."

Daga cikin ɗaki murya ta fito, ta farko mai ƙarfi a makon. "Babu wanda zai shigo mini nan da tef ɗin awo. Ni ba kayan lodi ba ne."

To, tunda baƙo ba zai shiga ba, ita ai tana shiga. A saman wani shagon fenti akwai wani tsoho da ke koyar da zanen cikin gida da hannu, kowa Malam yake ce masa. Siriri ne, fensir a bayan kunne, kuma yabo a bakinsa sai an tona. Ɗalibansa shida, duk ta haife su. Can ta je, ta zauna a tebur na ƙarshe da jakarta a cinya.

"Me ya kawo ki, Maman Biyu?"

"Ƙofa ɗaya nake so in zana, Malam."

"Babu mai zana ƙofa ɗaya. Ƙofa a jikin bango take, bango a jikin ɗaki. Fiƙe fensir."

Mako biyu ba ta yi komai ba sai jan layi. Ta koyi manne takarda a allon zane, da zura doguwar rula mai kai a gefen allon don layi ya miƙe. Ta koyi murza fensir a yatsu yayin ja, don kada bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Layi mai kauri bango ne, siriri kayan ɗaki, mai tsinke-tsinke kuma abin da ke sama da kai. Hannunta da ya saba da allin tela yana son lanƙwasa, Malam kuwa ba ya yafe lanƙwasa. Tana komawa gida da gefen tafinta baƙi ƙirin.

Ranar da aka ce kowa ya auno ɗakinsa, ta kawo nata da murna. Ta zana bango uku lafiya, na huɗun ya ƙi haɗuwa da na farko. Malam ya ce ta ba shi abin da ta yi awon da shi. Ta ciro tef ɗinta na ɗinki daga wuya, wanda lambobinsa suka fara gogewa. Ya shimfiɗa shi a jikin rular ƙarfe, sai ga shi ya zarce da kusan inci guda.

"Tef ɗin nan ya saba lallashin mata," in ji shi. "Bango ba ya jin lallashi."

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi. Ya ara mata tef na ƙarfe, ya koya mata santimita, da yadda santimita ɗaya a takarda ke tsayawa a madadin ashirin a ɗaki. Ta sake awon tana ce wa Baban Biyu labule take son canzawa. Ya juya fuska bango.

Kujerar kuwa da rana ta auna ta, yana barcin bayan azahar, tana jingine babu kowa a kai. Santimita sittin da huɗu. Ta ba sabuwar ƙofa saba'in, ta ja mata ɗan bakan da ke nuna inda za ta buɗe. Bayan wata biyu ta ajiye zanen a gaban Malam, fes, babu ko tabon yatsa.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya yanko ɗan kwali daidai girman kujerar a ma'aunin zanen, ya tura shi da ɗan yatsa ta cikin ƙofar.

"Ta wuce," in ji ta.

"Ta wuce. Wa ke tura ta?"

"Shi da kansa. Abin da nake so ke nan."

"Da me zai tura?"

Ta sake kallon kwalin. Hannaye. Hannayensa a kan tayoyi, ɗaya ta nan ɗaya ta can, da gwiwar hannu a waje kamar yadda ya saba. Santimita uku ta bar wa kowane gefe, ko yatsu ba za su wuce ba sai sun bar fata a jikin katako.

"Kujera kika auna, Maman Biyu," ya ce a hankali. "Ba ki auna mai kujerar ba."

Kunya ta rufe ta. Ita da ko rigar jariri ba ta yankawa cif da jiki, sai ta bar wurin numfashi, ga shi ta yanka wa mijinta ƙofa ba rara. Ta kuma san dalili sarai: tsoron ce masa ya zauna a auna shi take yi.

Malam bai gama ba. Ya ɗauki kamfas, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu, ya kafa a bakin ƙofar ta falo ya zagaya da'ira. Ya ce mita ɗaya da rabi kujera ke buƙata ta juya. Da'irar ta hau kan teburin yankanta, ta cinye rabin wurin keken ɗinki, wurin tagar da ta shekara ashirin da bakwai tana samun haske. Ta kalla, ta ce a fitar da teburin.

Da la'asar ta shiga ɗaki, ba ta ɓoye komai a bayan zani ba. Ta shimfiɗa takardar a kan gado kusa da shi, ta ɗora ɗan kwalin Malam a kai.

"Baban Biyu, ba labule ba ne. Ƙarya na yi maka."

"Na sani. Wa ke auna labule a ƙasa?"

Ya ce ta kwashe, amma idonsa bai bar takardar ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa da hanyoyi ba ya ganin zane ya ƙyale. Ya gane gado, ya gane taga, ya ɗora yatsa a kan da'irar.

"Wannan shataletalen fa?"

"Wurin juyawarka ne."

"Teburinki yana ina?"

"Za a fitar da shi."

Ya ɗago ya kalle ta, irin kallon da ya yi wata biyar bai yi mata ba. "Wa ya ce miki sai na zagaya kamar ɗan koyo? Ba ni kwalin nan."

Ya tura kwalin ta ƙofa, ya karya dama kaɗan, ya ja da baya sau ɗaya, ya miƙe. Kwalin ya tsaya a gefen keken ɗinki bai taɓa teburin ba. Ya sake yi ta ga da kyau, sannan ya karɓi fensir ya ja hanyar da ya bi.

"Ribas ɗaya. Ki gaya wa malaminku." Ya miƙa mata fensirin. "Jawo kujerar."

Ta taimaka masa ya zauna. Ya ɗora hannaye a kan tayoyi, ya buɗe gwiwoyin hannu. Ta ja tef ɗin ƙarfe ta bayansa, daga wannan gwiwar zuwa waccan. Ta sha auna kafaɗun nan duk shekara idan za ta yi masa sabuwar riga, ta san lambarsu da ka, yanzu kuwa ta ga yadda suka zube. Hawaye ya hana ta ganin lambar.

"Nawa?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Tamanin da biyu."

"Ki rubuta gaskiya fa. Ni ba mai ƙugu talatin da huɗu ba ne."

Ta yi dariya da kuka a haɗe, ta rubuta casa'in a ƙofar.

Da Malam ya ga karkataccen layin da ya ratsa tsabtataccen zanen, ya tamke fuska ya tambayi wanda ya ja shi. Ta ce direba ne. Ya bi layin da kwali sau biyu, ya mayar da abin gogewa aljihu.

"Hannunsa ba kyau," ya ce, "amma ya san hanya. A bar teburin."

Kwana huɗu magini ya yi, ya tokare rufi, ya fasa, ya zuba sabon kan ƙofa, yana duba takardarta yana ce mata injiniya. Da aka gama ta share ƙura, ta wanke ƙasa, ba ta ce wa Baban Biyu ya fito ba. Kwana biyu ƙofar tana buɗe, babu wanda ya wuce ta sai ita da tiren abinci, har ta fara tunanin ko bango kawai ta fasa.

A safiya ta uku tana kan keke tana haɗa hannun wata riga, ta ji ƙarar taya a kan siminti. Ƙafarta ta tsaya. Duk jikinta yana cewa ta tashi ta kama masa, ta danne, ta riƙe gefen teburin.

Ya fito da hularsa a karkace yadda yake sa ta a mota. Ya karya dama, ya ja da baya sau ɗaya, ya zo ya tsaya daidai gefenta, ya ja birki. Yana haki, goshinsa duk gumi. Ya miƙo mata bayan hannayensa biyu.

"Duba da kyau, injiniya," ya ce. "Ko ƙwarzane."

Ta kama hannayen ta duba, yatsa bayan yatsa. Ta gama dubawa ba ta sake su ba.