Zaren Kaka Jetha

Ranar hutun haihuwar Gandhi zanen Kaka Jetha ya kwance a tsakiyar kasuwa. Yana kan tsani, zai rataya wa mutum-mutumin Gandhi damin zare a wuya, ƙusa ta cafke bakin zanen. Sai ga tsoho a sama, daga shi sai ɗan jan bante na 'yan kokawa. 'Yan makarantar da ke rera waƙa suka ƙware. Malamarsu ta ja gefen sari, doguwar lafayarta, ta rufe fuska.

Pravin mai shayi ya ƙwala murya: "Kaka, tuta muka zo gani, ba wannan ba!"

Babu wanda ya taya shi dariya. Duk unguwarmu an san hannun Jetha. Da ƙuruciya ɗan kokawa ne, har ya taɓa karya wa wani haƙarƙari a kan baƙar magana. Bayan ya ga matar mutumin tana ba mijin nata ruwa da cokali, ya zo gaban wannan mutum-mutumi ya rantse ba zai sake ɗaga wa kowa hannu ba. Tun daga nan, in ransa ya ɓaci sai ya zauna gaban keken kaɗin zare. Bango ɗaya ya raba gidanmu da nasa, kuma wallahi keken nan ba ya hutawa. Abin da ya kaɗa a shekara shi yake kawo wa mutum-mutumin ranar wannan hutu. Na bana ya kai kaurin cinya.

Jetha ya sauko. Ya nufi Pravin, jijiyar wuyansa na harbawa, yatsunsa sun dunƙule. Mata suka janye yara. Pravin ya ja baya har ya zubar da tukunyar madara.

Tsohon ya tsaya dab da shi, yana huci. Can sai yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya ya tayar da tukunyar, ya ɗaura zanensa, ya sake hawa tsani ya rataya zaren. 

Pravin, da bakinsa ba ya mutuwa, ya ce, "Amma dai Kaka, yau an ga tsiraici."

Jetha ya nuna mutum-mutumin da haɓa. "Wannan da ɗan gyauto ya kori Turawa, yaro. Kai da wandonka har idon sawu, ko ƙudan kan shayinka ka kasa kora."