Makaniken da Na Ɗora wa Laifina

Da bazara aka tura ni riƙon tashar wutar lantarki ta wani gari da ke arewa da Dogon Dutsi, kan hanyar yashin da ke bi zuwa Dogon Kiriya. Ban so zuwa ba. Ban daɗe da dawowa daga horo a wata ƙasa ta bakin teku ba, inda na yi watanni a wata ƙatuwar tasha wadda iskar gas ke juya injin farko, zafin hayaƙinsa ya tafasa ruwa, tururin ya juya na biyu. A can kowane inji ana ƙirga masa awannin aikinsa, in lokacin dubawa ya yi a tsayar da shi ko wa zai yi kuka. Abin da aka fi nanata mana ke nan, kuma na haddace shi sarai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Abin da na tarar a garin rumfar kwano ce, da tankin gazuwal, wato man dizal, da injuna biyu. Ɗaya ya mutu tun kafin zuwana, ana ta cire sassansa ana sa wa ɗan'uwansa. Mai ran shi ke ɗauke da gari duka: famfon ruwa, firjin allurai na gidan likita, injunan niƙa, da firjojin masu ƙanƙara na bakin kasuwa. Mu uku ne a wurin, ni da maigadi da makanike.

Makaniken dattijo ne, mutumin Matankari, kowa Baba yake ce masa. Kirista ne, wajen 'yan mishan a Dogon Dutsi ya koyi gyaran inji tun yana saurayi. Saura shekara guda ya yi ritaya. Ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, na daman ma sai an ɗaga murya, don haka bakin mutum yake kallo in ana magana. Yana da wani dogon ƙarfe da yake dafa wa jikin inji, ya danna ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido. Da haka yake gane abin da ke damun injin.

Ban san ranar da na fara ƙin jininsa ba, amma na san dalili. Duk wanda ya shigo tashar da wata matsala sai ya gaishe ni, sannan ya leƙa bayana ya ce, "Ina Baba?" Ni shef, mai riƙon tasha, da takarduna a bango, shi ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Sai na ƙirƙiro hanyoyin rage masa tsawo. In zan ba shi umarni nakan juya masa baya in yi magana ƙasa-ƙasa, in bai yi ba in tsare shi gaban maigadi in wanke shi tas da Faransanci. Wata rana na karɓe ƙarfen nan daga hannunsa na ce nan ba ɗakin bori ba ne, na wurga shi kan kwano. Washegari ya zo da wani.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi. Kwana uku kafin a ga wata aka kira ni taro da manyan gari da 'yan kasuwa, suka roƙe ni kada wuta ta ɗauke har salla. Na miƙe na buga ƙirji na ce ko ƙiftawa ba za ta yi ba. Aka yi ta sa mini albarka. A raina kuwa Yamai nake hange, don an ce mini in na riƙe wurin nan ba ƙorafi, za a mayar da ni can.

Ana cikin mako na biyu, da hantsi, Baba ya shigo ofis ya ce in fito in ga wani abu. Ya kai ni cikin rana ya buɗe tafin hannunsa. Man inji ne baƙi ƙirin, da wasu 'yan ɓurɓushi suna ƙyalli a ciki.

"Shef, ka gani? Ƙarhe na cin ƙarhe. Injin ga na son hutu. Kwana biyu kaɗai, in buɗe shi in canza abin da ya lalace."

Na san abin da nake kallo. An nuna mini irinsa a wurin horo, an kuma faɗa mini abin da ke biyo baya. Amma na tuna taron nan da ƙirjin da na buga.

Na ce, "Bayan salla."

"Mi kac ce?"

Na ɗaga murya. "Na ce bayan salla!"

"Ba ya kai salla, Shef. Ko Lahadi ban tsammanin shi kai."

"Kai ne shef ko ni?"

Ya goge hannunsa da tsumma. Can ya ce, "To, a rubuta cikin kaye cewa na hwaɗi."

Kaye shi ne babban littafin da ake rubuta halin inji kullum, makanike ya sa hannu. Tun zuwana ni nake rubuta masa. Na koma ofis na ɗauki biro, yana tsaye a kaina. Na rubuta da Faransanci cewa makanike ya duba inji yau, ya tabbatar lafiya lau yake. Na juya masa littafin. Ya sunkuya ya zana sunansa a hankali, harafi bayan harafi, har da ce mini ya gode.

Ranar Asabar bayan azahar ina zaune a ofis na ji sautin injin ya canza, kamar ana dukan tukunya da taɓarya. Kafin in kai ƙofa sai wata ƙara da ta tashi tantabarun kasuwa. Ƙarfe ya ɓalle daga ciki ya huda cikin injin, tafasasshen mai yana feshi, hayaƙi ya cika rumfar. Ni da maigadi muka tsaya daga nesa. Baba ne ya kutsa ciki ya rufe hanyar gazuwal don kada wuta ta kai tanki. Da ya fito, fatar hannunsa na dama tun daga kafaɗa ta saɓule, tana reto kamar rigar da ta yage.

Garin ya yi kusan wata ba wuta. Famfo ya tsaya, mata suka koma rijiyoyin fadama da azumi a baki. Allurai suka lalace. Masu ƙanƙara suka zubar da ruwa.

Kwana biyar bayan abin, mutum biyu suka zo daga babban ofis don bincike. Aka kawo Baba daga gidan likita, hannunsa naɗe, ƙudaje na bin sa. Babban cikinsu ya tambaye shi da ƙarfi ko bai ga wata alama ba kafin injin ya fashe.

"Na gani, ranka shi daɗe. Na hwaɗa ma Shef. Shina nan cikin kaye, ku karanta."

Mutumin ya buɗe littafin ya karanta layin, ya fassara masa da Hausa. Baba ya ce a sake. Aka sake, yana kallon bakin mai karatun. Sai ya juyo ya dube ni. Bai yi ihu ba, bai rantse ba. Ya ce, "Shef?" Sau ɗaya.

Na kau da kai, na ce wa baƙin da Faransanci tsufa ne, ga kurumta, kuma na daɗe ina lura aikin ya fi ƙarfinsa. Suka gyaɗa kai suka rubuta. Cikin mako guda takardar korarsa ta iso.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Mutane sun sha wuya, suna neman wanda za su huce a kansa. Wata la'asar ina wucewa ta bakin kasuwa, wani matashi mai shago, wanda firjojinsa uku suka tsaya, ya tare ni gaban jama'a.

"Shef, gaskiya ne abin da aka hwaɗi? Wai da gangan tsohon ga ya kashe muna wuta, don ba azuminai ba ne?"

Kowa ya zuba mini ido. Kalma ɗaya ta isa. Baba ya yi shekara da shekaru yana hana kansa zuwa coci in inji ya yi gardama, ya raba su da duhu a azumi fiye da ashirin, kuma ni shaida ne hannunsa ya bayar don kada garin ya kama wuta. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Allah ne masani."

Daga ranar aka daina sayen ƙosan matarsa. A rijiya ana ture guganta. Aka yi ta jifan kwanon ɗakinsu da rana tsaka. Limamin unguwarsu, tsoho sa'ansa, ya yi magana a masallaci ya ce a ji tsoron Allah, amma wa zai saurare shi tunda shef da kansa bai musa ba?

Ana gobe za su bar gari matar ta zo tasha. Ba ta zo faɗa ba. Takarda take so mai shaida shekarun da ya yi yana aiki, ko za ta yi masa amfani wata rana. Na ce wa maigadi ta jira. Ta zauna gindin katanga tun hantsi, inuwa na gudu tana bin ta, har inuwar ta ƙare. Ina ganin ta ta taga. Ba aikin komai nake ba, ba na dai son haɗa ido da ita ne. Da la'asar na fito na ce, "Inna, sai gobe, hatimi ba ya nan."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. "Ɗana, gobe da sahe muka tahiya."

"To, sai a aiko muku."

Ta dube ni ta ce, "Kullum in ya taho gida sai shi ce yaron ga na da ilimi, in ya kwantar da kai za shi yi nisa." Ta gyara mayafinta ta tafi. Ban rubuta takardar ba. Da safe amalanken jaki ya kwashe su zuwa Matankari, maigadi ne kaɗai ya raka su bakin gari.

Aka kawo sabon inji, aka yaba mini kan yadda na riƙe gari cikin wahala. Kafin kaka na koma Yamai.

Bayan shekara huɗu aiki ya bi da ni ta Matankari. Direbana, wanda ya taɓa kai mana gazuwal a wancan lokaci, ya rage gudu ya nuna mini gindin wani gawo. "Ga Baba can, Shef. Mu tsaya mu gaisa."

Yana zaune kan tabarma, ya rame, hannun daman ya ƙanƙance ya manne da ƙirjinsa. Da hagu yake ɓarar gujiya, yana danne kwano da ƙafa. Na ce mun makara. Direban ya ce shi dai minti biyu, ya fita. Na zauna cikin mota, gilashi a rufe. Na ga sun gaisa, direban ya sunkuya yana magana a kunnensa yana nuno motar. Baba ya ɗago ya daɗe yana kallon inda nake. Sai ya kira wata mata daga cikin gida, ta fito da ƙullin leda.

Direban ya dawo ya ajiye mini ƙullin a cinya. "Ya ce a kai wa yara."

Muka kama hanyar Dogon Dutsi. Direban bai ƙara yi mini magana ba har muka isa. Gujiyar kuwa na kai gida, aka dafa, yara suka cinye.