Ranar Da Muka Tsaya Jiran Ruwan Ingila Ya Ɗauke

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata ranar Lahadi ba, ranar da ni da maigidana muka zauna a ƙarƙashin gada muna jiran ruwa ya ɗauke, alhali wani dattijo na tsaye a ƙofar gida a Birmingham yana jiranmu. Shekaru sun wuce, amma har yau in aka fara yayyafi sai ranar ta faɗo min a rai.

Dattijon nan kawun maigidana ne, ƙanin mahaifiyarsa. Shi ya riƙe shi a Zariya bayan rasuwar mahaifinsa, kuma a bayan kekensa yake goya shi zuwa makaranta kullum kafin ya wuce wurin aikinsa a tashar jirgin ƙasa. Da tsufa ya zo da ciwon zuciya, 'yarsa likita ta ɗauko shi zuwa gidanta a Erdington, wata unguwa a Birmingham. Mu kuma muna Levenshulme, a Manchester. Duk ziyarar da muka kai masa, sai ya dubi tumbin maigidana ya girgiza kai.

"Wai kai ne ɗan da na goya a keke? Yanzu ko ƙarshen layin nan ba za ka iya kai keke ba."

"Kawu, wata rana a kan keke zan zo muku, tun daga Manchester."

"To, ina nan a ƙofa ina jira."

Wasa-wasa magana ta zama alkawari. Dama likita ya matsa wa maigidana a kan motsa jiki, sai ya sayi keke. Ni kuwa ba a barina a baya, na ce nawa ma sai an saya. Muka koyi doguwar tafiya a ƙarshen mako, amma zuwa Birmingham ɗin muka yi ta ɗagawa: yau aiki, gobe sanyi, jibi makarantar yara. Sai da muka ci shekara biyu a haka. Kwatsam Kawu ya ce ya gaji, gida zai koma, ba ya son a binne shi inda ba a san shi ba. Aka tsayar da rana. Ƙarfe uku na ranar Lahadi 'yarsa za ta ɗauke shi zuwa filin jirgi a Landan, kuma dukkanmu mun sani, ko da ba wanda ya furta, cewa da wuya ya sake dawowa.

Muka bar yara wurin wata ƙawata, muka tashi ranar Asabar da sassafe. Hanyar gefen kanal muka bi, wato waɗannan dogayen hanyoyin ruwa da aka haƙa tun da can, masu siririyar turba a gefe inda ba mota. Ranar ta yi mana daɗi, har rana ta leƙo. Muka kwana a garin Stone, ƙafafu sun yi tsami amma rai fes. A lissafin maigidana, in muka tashi ƙarfe takwas, ƙarfe ɗaya ta yi mana a Erdington, mu ci abinci da Kawu, mu yi hira, mu karɓi albarka.

Washegari, ba mu yi nisa ba aka fara yayyafi. Kafin ƙarfe goma ya yi ƙarfi, turbar ta zama caɓi, tayoyi suna watso mana taɓo har gadon baya. Rigar ruwan da na saka ta hana komai sai ruwan. Mayafina ya manne a wuya, yatsuna suka ƙage a kan birki. Kusa da garin Rugeley na hango wata tsohuwar gada ta bulo, na sha kwana na shige ƙarƙashinta na dire.

"Mu fake," na ce.

"Da dai mun daure, Maman yara. Lokaci fa."

"Haba, Baban yara! Ka taɓa ganin mai hankali ya kutsa cikin ruwa yana tsaka da zuba? Minti talatin ya ɗauke, mu wuce a bushe."

Wallahi a lokacin na yarda da abin da nake faɗa. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, amma ta tagar bas da tagar wurin aiki na san ruwanta. Ruwan da jikina ya sani na Katsina ne: hadari ya haɗo, iska ta taso, a zuba kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ruga ya fake a shagon da ya fi kusa, jim kaɗan a ɗauke, rana ta fito, kowa ya kama gabansa. Da haka na tashi, ba a tafiya cikin ruwa. Ban tsaya na lura cewa wannan ba shi da hadari ko tsawa ba, sama ce kawai ta yi toka-toka daga wannan gefe zuwa wancan. Shi kuma maigidana mutum ne da ba ya son jayayya, musamman da ni in na hau. Ya jingine kekensa, ya zauna a kan dutse.

Wani tsohon Bature ya zo wucewa da karensa, ruwa na ɗiga daga hularsa. Ya gaishe mu, ya dubi sama, ya ce mana da Turanci wannan ruwan na wuni ne, in da inda za mu gara mu tafi. Yana ba da baya na ce da Hausa, "Ji min tsoho da karambani, shi ke riƙe da makullin sama?" Har dariya na yi. Yau in na tuna dariyar nan kunyar kaina nake ji.

Minti talatin ya zama awa, awa ta zama biyu. Zama ya sa sanyi ya shige mu har ƙashi, haƙorana na haɗuwa. Duk da haka ina leƙawa ina cewa, "Ga shi can ya fara washewa." Ba abin da ya washe. Wajen sha biyu wayarsa ta yi ƙara, 'yar Kawu ce.

"Yaya, kuna ina? Baba ya sa babbar riga tun safe, ya hana kowa sakat."

Maigidana ya dube ni, na dube shi. Sai na ji ya ce, "Mun kusa, ga mu nan."

"In zo in ɗauko ku? Ruwan nan fa ba sauƙi."

"A'a, a'a. A keke na ce masa zan zo."

Ban hana shi ba, kai ma na gyaɗa. A wurinmu wa ke buɗe baki ya ce wa babba "muna nesa"? Ko mutum bai fito daga wanka ba cewa yake "ga ni nan a hanya", mai jira ma ya san ma'anar, ya ci gaba da harkarsa. Abin da muka manta shi ne Kawu ba irinmu ba ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba agogo yana jiran jirgi, in aka ce masa an kusa, to an kusa.

Sai a lokacin hankalina ya tashi. Na ce mu nemi tashar jirgin ƙasa ta garin, mu saka kekunan mu isa da wuri. Nan kuma shi ya kafe. "In je masa a jirgi in ce me? Shekara biyu yana jiran keken nan." Ni na ɓata mana safiya da taurin kaina, shi ya ɓata sauran da nasa. Muka fito cikin ruwan da muka guje wa, yana nan yadda muka bar shi, muka hau.

Ba na son tuna awannin da suka biyo. Taɓo ya cika tsakanin taya da ƙarfe, sai mun sauka mun ƙwaƙule da kara. Na zame na faɗi sau biyu, gwiwata ta fashe, ban ko tsaya dubawa ba. Ƙarfe biyu 'yar Kawu ta sake kira, ya sake cewa mun kusa. Ƙarfe uku saura kaɗan wayar ta kuma yin ƙara, ya tsaya ya ɗauka, na ji muryar Kawu da kansa.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, kuna ina?"

Maigidana ya faɗa masa gaskiya, saura tafiyar fiye da awa guda.

"To," in ji Kawu. "Ku bi a hankali, hanya da santsi. 'Yata da ke tare da kai tana lafiya? Ka kula da ita. Na bar muku saƙo wurin maƙwabciya."

Huɗu da rabi muka shiga layin. Ba mota a ƙofar gidan, labule a sauke. Maƙwabciyar, wata dattijuwar Baturiya, ta fito da leda a hannu. Tawul biyu ne a ciki, da filas na kunun gyaɗa. Ta ce tun bayan sha biyu Kawu ya fito bakin get da lema, cikin babbar riga. 'Yarsa ta yi ta roƙon ya shiga ciki saboda zuciyarsa, yana cewa, "Sun ce sun kusa." Duk keken da ya shawo kwanar layin sai ya ɗaga lemar ya duba. Kujera ma da aka fito masa da ita ƙin zama ya yi, wai a tsaye ya ce zai tarbi maigidana.

Maigidana ya zauna a kan dakalin ƙofar, da hular keke a kansa, ya rungume filas ɗin ya fashe da kuka. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na tsaya a kansa riƙe da tawul. Kunun da sauran zafinsa.

Daga baya 'yar Kawu ta ce min, ba da faɗa ba, da mun gaya mata gaskiya tun kiran farko da ta zo ta kwashe mu har da kekunan, tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Kawu kuwa bai taɓa tayar da zancen ba. In sun yi waya sai dai ya tambaya, "Tumbin ya ragu?" Maigidana ya shirya zai je Zariya a hutun ƙarshen shekara ya ba shi haƙuri ido da ido. Wata huɗu da tafiyarsa, saura makonni hutun, aka kira mu da rana tsaka aka ce Kawu ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Maigidana bai taɓa ce min ni na jawo ba, kuma shirun nan ya fi min faɗa ciwo. Abin da ranar ta koya min biyu ne, na kuma biya su da tsada. In tsoho na jirana, ba na sake tsayawa jiran sama ta washe, cikin ruwan nake tafiya. Kuma duk wanda ya tambaye ni ina nake, ina faɗa masa ainihin inda nake, ko da kunya za ta kashe ni, domin ban san wanda zai ɗauki lema ya fita ƙofa saboda maganata ba.