Agogon da Ya Ɗauka Yana Kano

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Madabo, ni da babban ɗana, shi da jakar kayan aikinsa, ni da butata da ƙullin goro. Garin kakanninmu muka nufa, can gaba da Gombe. Ba biki ne ya kai mu ba, ɓarnar da na yi shekara shida da suka wuce za mu gyara kafin azumi ya kama.

Ɗan nan nawa gyaran kayan lantarki yake yi. Shi ya haɗa agogon masallaci da hannunsa, irin mai nuna lokutan salla da jan rubutu, ni kuma na kai shi garinmu sadaka. Ya roƙi in tafi da shi ya saita, don lokacin Kano aka sa masa. Na ce tun ba a haife shi ba nake ɗaura agogo. Na je na buga ƙusa na rataya, aka yi mini addu'a, na dawo ina jin kaina. Da liman ya bugo waya ya ce agogon yana makara, sai na ce aikin yara ne, a yi haƙuri. Tsohon ladani da sama yake aiki, ko bango ba ya kallo, shi ya sa ba a cutu ba. Bana ya rasu, wanda ya gaje shi kuwa agogo yake bi. In aka shiga azumi a haka, mutane za su riƙa cin sahur bayan alfijir ya keto, kuma alhakin yana wuyana.

A Wudil muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko na yara ta ba ni, ta ce in je in tambayi kuɗin wake. Bayan Birnin Kudu hanya ta fara nuna hali, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wanda ya fi shi, kowane karo kuma sai ya ce bara babu wannan. A Dukku muka sha fura da nono mai kauri, wadda ta sa na gane ruwa muke sha a birni. Mun canza mota a Gombe, muka isa gari bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura.

Liman taubashina ne, don haka tun daga nesa ya fara. "Ga Bakano! Ka kawo mana agogo mai barcin safe irin naku, ka gudu."

Ɗana ya sauke agogon ya kwance bayansa. A ciki akwai wani ɗan koren allo da bai fi kwalin ashana ba. Ya ce, "Baba, wannan ce ƙwaƙwalwarsa. Ba ta san inda take ba sai an gaya mata, har yau ta ɗauka tana Kano. Nan kuwa gabas ne, rana tana riga tamu fitowa da minti goma da ɗoriya. Wayata ta san inda muke, in na haɗa su da igiya za ta faɗa mata."

Ya jona, shiru. Ya cire ya hura ramin ya sake jonawa, shiru. Sai ya ɗaga igiyar ya ƙura mata ido. "Wannan ba tawa ba ce. Wannan caji kawai take yi, ba ta ɗaukar saƙo."

Nan take na tuna. Jiya da yamma na ga tasa ta fi tawa kauri, na zare ta daga jakar na sa masa tawa, a tunanina igiya dai igiya ce. Har bakina ya shirya cewa ko jikokina ne suka taɓa jakar. Na haɗiye, na ce, "Ni ne na musanya. Taka tana ɗakina a Madabo."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Nan take ya sa aka zaga gari neman igiya. Mai cajin waya ya zo da tuli a hannu kamar taliya, mata suka aiko da nasu daga cikin gidaje. Aka gwada shida, babu. Ta bakwai ta mai shayi ce, baƙa ƙirin da hayaƙi, an naɗe wuyanta da salatif. Ana jonawa wayar ta yi ƙara, rubutu ya cika fuskarta. Ɗana ya duba sunan gari da lissafin, sannan ya miƙo mini. "Baba, kai za ka danna nan." Na danna. Jajayen lambobin suka ɗauke, suka dawo, lokacin kowace salla ya matso da wuri.

Da magariba ta gabato muka fito ƙofar masallaci, rabi suna kallon yamma, rabi suna leƙen bango. Rana tana gama nutsewa bayan giginya agogon ya yi kuka. Mai shayi ya fi kowa murna, yana cewa igiyarsa ce.

Bayan salla na miƙe, na ce wa jama'a agogo lafiyarsa ƙalau tun farko, wanda ya haɗa shi ya san aikinsa, ni ne na hana shi zuwa, na kuma ɗora masa laifi a bayan idonsa. Na nemi gafararsu da tasa. Ɗana ya sunkuyar da kai. Liman ya ce, "Alhaji, mun daɗe da sani. Jira muke ka iso, kai ma kana makara kamar agogonka."

Washegari muka juyo da man shanu da zabi biyu, muka shigo ta Ƙofar Na'isa ana kiran isha'i. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa: wanda ka haifa zai iya sanin abin da ba ka sani ba, kuma faɗin "ni ne" bai kai nauyin da na daɗe ina ɗauka ba. Da muka shiga gida na ɗauko igiyarsa na miƙa masa. Ya mayar mini da ita cikin tafin hannu, ya ce, "Riƙe ta, Baba. Ta fi taka saurin caji."