Bujin da Illa Ya Bayar

Duk wanda ya zauna Matameye a shekarun da gyaɗa ke da daraja ya san Illa makanike, in bai san shi da suna ba to ya san hannunsa. Hannu ne baƙi ƙirin, faratan duk a fashe, ko ranar salla ba ya fita fes. Garejinsa wata rumfar kwano ce a bayan tasha. Mutum ne marar yawan magana, in ka gaishe shi ya ɗaga kai ya amsa, ka gode wa Allah. Wasu suna cewa girman kai ne. Ƙarya suke yi masa. Kunya ce ta yi masa yawa, irin ta mutanen da, wadda ke hana mutum shan ruwa a gaban surukinsa ko da ƙishirwa za ta kashe shi.

Ya koyi aiki a kamfanin matsar man gyaɗa, a hannun wani Bature mai tuƙi kamar ɓarawon da aka biyo. Baturen yana da wata Fijo 404 ja da ya gyara wa inji don tsere, ya ɗora mata kabureta biyu. In ta taso daga Kance, kajin Matameye sun san tana tafe. Da ƙwari suka gama da gyaɗa, kamfani ya soma tangaɗi, Bature ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙasarsu, ya bar wa Illa motar, lokacin ta riga ta kwana biyu. Masu so sun zo, sun yi magiya, ya ƙi rabuwa da ita. Ja kawai yake kiranta.

A kayan mota kaf ba abin da Illa ya ɗauka da girma kamar buji, 'yan ƙarafan nan masu farin kai da ke tayar da wuta cikin inji. Yakan ce direba yana ƙarya, mai mota yana ƙarya, amma buji bai iya ba. Ka kwance shi ka dubi bakinsa: in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau, in ya yi baƙi ya jiƙe, inji na shan mai, in ya yi fari kamar ƙashi, zafi ne ke cin sa. Kuma akwai mai zafi, akwai mai sanyi. Injin famfon lambu da motar kasuwa masu tafiyar hankali, mai zafi suke so. Ja kuwa sai mai sanyi, don in ta ɗauki gudu wutar cikinta narkar da na gama-gari take yi. Wayoyin da ke kai wuta daga delko, mai rarraba wutar, zuwa buji kuma, da yatsa yake gwada su inji na aiki. Inda wuta ta fizge shi, nan waya ta tsage. Bai taɓa yar da tsohon buji ba. Sai ya gasa shi a garwashi, ya kankare da reza, ya jefa cikin gwangwanin madara. A zuwansa Kano na ƙarshe ya samo masu sanyi guda huɗu sababbi dal, da wayoyinsu, ya naɗe a tsumma ya soke a rufin rumfa. Ya ce na ranar wuya ne.

Matarsa Baiwa ɗiyar Alhaji Shekara ce, tsohon dillalin gyaɗa, mai faɗa a ji a unguwa. Ɗansu na fari Rabi'u, a gidan kakan nasa ya tashi kamar yadda aka saba. Illa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In dole ta kama sai ya ce yaron nan. Amma so, yana sonsa, son da ba shi da inda zai sauke shi. Da Rabi'u ya girma ya soma zuwa cin rani Kano, duk lokacin dawowar masu cin rani sai Ja ta kama ciwon da ba wanda ke gani sai Illa. Kullum yana kan hanyar iyaka wai gwaji yake yi. In ya ci karo da shi sai ya tsaya, ya kau da kai, ya ce, “Kai, shigo, tunda dai gida za ni.”

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Sojan Najeriya suka rufe iyaka, sojan gida suka riƙe rabon jar dawar taimako. Ba cin rani, ba mai, ba kayan gyara. Gari ya cika da mutanen da dabbobinsu suka ƙare, suna kwana a gindin katanga. Ja ta yi watanni a rumfa ba ta motsa ba. Rabi'u yana ƙauyen Tsauni da matarsa Sa'a, suna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci suna ci, suna haɗawa da dussa.

Wata rana da hantsi aka shigo da Rabi'u gari kan amalanke, ciki ya kumbura ya yi tauri, yana amai. Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya danna cikin, ya jawo Illa gefe.

“Hanji ne ya ƙulle. Wannan sai wuƙa, wuƙa kuwa sai Damagaram. Motarmu ba ta nan. In kana da hali, kada rana ta faɗi yana nan.”

Illa ya juya ya fita. Ya nufi gareji, ya tono jarkar man da ya binne, ya sauko da tsumman nan daga rufi. Ya buɗe murfin inji, ya kwance tsofaffin bujin, ya shimfiɗa sababbin a kan tsumma, da wayoyinsu a gefe. Yana ɗaukar na farko ke nan ya ji hayaniya a bayansa.

Mutane ne suka turo motar da ke kai dawar taimako ƙauyukan Kurni, ita ma Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, shaƙe da buhuna. A gaba ga wani soja mai igiya biyu, ga Alhaji Shekara, wanda yake cikin dattawan da aka ɗora wa rabo. Tun safe yana wajen awo, bai san abin da ake ciki a gidan likita ba. Illa ya cire hula, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya tashi ya duba motar. Bujinta sun mutu, wayoyin kuma ɓera ya gaigaye su.

Ya jawo gwangwaninsa. “Akwai waɗanda za su kai ta, su dawo da ita.”

Gaskiya ya faɗa. Waɗancan tsofaffin masu zafi ne, su ne ma daidai da motar kaya. Amma idon soja ya riga ya sauka kan tsumma, kuma soja a shekarun nan in ya ga sabo ba ya waiwayar tsoho.

“Motar gwamnati ba ta cin saura,” in ji shi. “Waɗancan fa?”

“Na wannan ne.”

“Wannan akwalar ina za ta?”

Illa ya dubi ƙasa. “Akwai 'yar tafiya zuwa Damagaram.”

Alhaji Shekara bai so soja ya ɗaga murya a kan surukinsa ba, sai ya shiga tsakani da taushi. “Illa, mutanen Kurni yara suke binnewa kullum. Ni dai tambaya nake. Tafiyar nan taka, akwai abin da ya matsa a cikinta? In akwai, faɗi, ni zan ba soja haƙuri.”

Wallahi da zuciya ɗaya tsohon ya yi tambayar, kuma da an faɗa masa da ya tsaya. Kalma guda ce. Amma ga uban matarsa tsaye a kansa, ga jama'a sun yi da'ira sun zuba ido, a ce shi Illa ya buɗe baki ya ce ɗana ne, ɗan farina nake jin tsoro ya mutu? Sai wata zuciyar ta ce masa, kai da ka tayar da injin da aka yi wa sallar gawa, buji huɗu ne za su gagare ka? Ka lallaɓa ta, za ta kai.

“Babu komai, Baba,” ya ce.

Shi da hannunsa ya ɗaura wa motar dawa sababbin bujin, ya jera mata wayoyin. Bugu ɗaya ta tashi. Jama'a suka sa masa albarka, Alhaji ya hau gaba, suka kama hanyar Kurni.

Illa ya zazzage gwangwani a ƙasa ya shiga zaɓe. Cikin na Ja na da, biyu suna da sauran rai, biyu sun tsage. Ya cike da na wata motar kasuwa, da wani na famfon lambu. Ya san ba abincinta ba ne. Tsofaffin wayoyin ya naɗe su da robar tayar keke duk inda suka fashe. Ja ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Ya cusa sauran bujin a aljihu.

Aka kwantar da Rabi'u a baya, kansa bisa cinyar Sa'a. Baiwa ba ta matso ba, ita ma uwar ɗan fari ce. Daga nesa ta miƙo goran ruwa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Illa ya ɗaura niyyar tafiya a hankali, don ya san muddin inji bai yi zafi ba bujin za su riƙe. Har Kance haka ya yi, yana sauraron injin kamar mai sauraron numfashin majinyaci. A shingen jandarma aka leƙa baya, aka ɗaga musu itace. Hanya fayau, ba mota ko ɗaya, sai mushen shanu a gefe da mutane masu kaya a ka suna gangarowa kudu. Rabi'u ya daina nishi mai ƙarfi, ya koma wani ƙarami wanda ya fi ban tsoro.

“Baba,” ya ce, “da sauran nisa?”

“Kaɗan.”

“Baba, ina jin sanyi.”

Rana tsaka ce, kwanon mota ba ya taɓuwa don zafi. Illa ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya manta da duk abin da ya sani, ya taka. Ja kuwa ta amsa. Ta miƙe kamar zamanin Bature, itatuwa suna wucewa, har ya soma cewa a ransa za su kai. Sai ya ji ƙwanƙwasa a cikin inji, can ƙasa, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ya ɗaga ƙafa, amma an makara. Ta soma ɗingishi, ta yi harbi ta baya, ƙaurin roba ya cika motar. Ta gangara gefen hanya ta mutu, ba su kai Takeita ba.

Ya buɗe murfi. Wayar ƙarshe ta narke ta manne da ƙarfe. Ya sa kile ya kwance bujin famfo, bakinsa ya cinye ya yi fari fat. Na motar kasuwar ma farin kansa ya tsage. Bai jira inji ya huce ba, fatar yatsunsa tana ƙuna yana ji, bai tsaya ba. Ya zaro wasu daga aljihu, ya kankare, ya ɗaura. Ya yanke wayar da ta ƙone, ya haɗa guntun da haƙori. Ya buga, shiru. Ya sake kwancewa, ya hura, ya canza wani. Ya buga, ta yi tari ta mutu. Ya koma ƙarƙashin murfi. Ya fi son ya kasance can, don daga can ba ya ganin kujerar baya.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya dai ji an buɗe ƙofa, ya ga ƙafafun Sa'a sun tsaya kusa da taya.

“Baba.”

“Saura kaɗan. Wannan zai kama.”

“Baba, ka bari haka nan. Mu koma gida.”

Ya ci gaba da ɗaure bujin da ke hannunsa har ya ɗauru. Ya rufe murfi a hankali. Ya zagaya ya leƙa, ta riga ta rufe masa ido, ta lulluɓe shi da zanenta. Illa ya yi salati. Ya zauna ya buga, injin ya huce yanzu, ya kama da silinda uku. A haka suka juya, tana ɗingishi, tafiyar da ba ta fi ta jaki da yawa ba, har Matameye ba ta sake tsayawa ba.

Bayan la'asar aka kai shi. A maƙabarta Illa bai zubar da hawaye ba, mutane suna ta yaba haƙurinsa. Motar dawa ta kai Kurni lafiya, an yi rabo, ta dawo da Alhaji Shekara ana shirin magariba, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Majo ne ya gaya masa yadda aka yi, da lokacin da aka yi.

Tsohon ya zo inda Illa ke zaune da yatsu naɗe da tsumma. Shi Alhajin ne ya goyi Rabi'u, shi ya yi masa aure. Illa ya zame daga tabarma ya durƙusa kamar kullum. Alhaji ya tsaya a kansa.

“Na tambaye ka, Illa. A gaban kowa na tambaye ka. Me ya hana ka ce mini jikana ne?”

Illa bai ɗaga kai ba.

“Baba,” ya ce, “a gabanka?”