Ranar da Baffa Ya Bar Ruwa a Buɗe

Akwai wani ihu da ake yi a gidan kallon ƙwallo idan aka zura ɗaya a raga, ihun da har kwanon rufi sai ya amsa. Na kwashe shekaru ina zama a irin waɗannan wurare da takardu a cinya, domin aikina ke nan. Nazarin halayyar ɗan Adam na karanta, abin da nake bincike a kai kuwa shi ne dalilin da ke sa mutum ya ɗauki ƙungiyar ƙwallo kamar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abokan aiki suna tsokanata, wai na gano dabarar kallon ƙwallo ana biyana albashi. Ba su san in na ji ihun nan gabana faɗuwa yake yi ba, zama ya gagare ni, sai na fita waje.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin gonakin da aka ja wa ruwa. A shekarun tamanin, ina aji huɗu a firamare, rani ya daina zama lokacin hutu a wurinmu. Ko'ina ka duba kore ne shar, tumatir da alkama, hannun kowa yana warin ganyen tumatir. Sai dai ruwan nan da rana ake ba da shi, kowane layi da ranarsa. In taka ta zo, sai ka ɗauki lanƙwasassun tiyo na roba, ka cika kowanne da ruwa, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka wurga shi ta kan bakin kwalbati. Daga nan ruwa ba zai daina zuba ba sai ka cire da hannunka. Shi ya sa mai ban ruwa ba ya barin gona.

Mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, gandu ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya ake ɗora mana. Baba mutum ne mai shiru, mai son abu a kan ƙa'ida. Baffa kuwa ƙwallo ta gama da shi, alhali bai taɓa buga ta ba, ƙafarsa ta hagu ma ɗingishi yake da ita. Shi ya kai singiletin samarin garinmu marina aka rina su, in suka yi gumi sai ka ga bayansu ya koma shuɗi. Ranar da aka cinye su, ko tuwo ba ya iya haɗiyewa.

A ranin da nake ba ka labari, samarinmu suka kai wasan ƙarshe da garin da ke tsallaken babbar hanyar ruwa. Wasan ya faɗo daidai ranar ruwanmu. Baba zai shiga Kano sayo maganin feshi, ya tsaya a ƙofar gida ya ce da Baffa, "Dashen nan kwanansa huɗu. Jiƙa shi kawai za ka yi, kada ka cika masa."

"To, Yaya," in ji Baffa.

Bayan la'asar muka jera tiyo shida, ruwa ya fara bin fangali. Sai iska ta fara kawo mana kiɗan ganga da ƙarar usur daga filin makaranta. Baffa ya zauna, ya tashi. Ya je ƙarshen gona, ya dawo. Ya dubi ruwa, ya dubi rana, ya tsinke ciyawa ya tauna ya tofar. Can sai ya ce kafin ruwa ya kai fangalin ƙarshe an tafi hutun rabin lokaci, mu je mu leƙa mu dawo. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, domin kafin ya rufe baki na haye bayan keke.

Aka tafi hutu an ci mu ɗaya. Na ja masa riga na ce, "Baffa, ruwa fa."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Yanzu da aka ci su kake so in juya musu baya?"

Aka dawo, aka ƙara mana ta biyu. Mutanen garinmu suka fara zamewa ɗai-ɗai, kowa ya tuna yana da uzuri. Baffa kuwa sai ya ɗingisa ya koma bayan ragarmu, yana kiran mai tsaron gida, yana ce masa ya ɗaga kai, ba a gama ba. Ni ina tsaye, ido a fili, hankali a gona. Sau uku na sake jan rigarsa. Bai motsa ba sai da alƙalin wasa ya busa tashi, sannan ya bi samarin nan ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗarsu.

Da muka iso gona, sai muka tarar da tafki. Ruwa ya fasa kunya, ya kwashe takin da aka zuba, dashen tumatir yana yawo a sama. Baba yana tsaye a ciki har ƙauri, da takalmansa na zuwa birni, tiyo shida a rungume. Na so a ce ya dake ni. Bai yi faɗa ba, bai ma tambayi inda muka je ba, ya wuce mu ya nufi gida. Washegari ya ɗauki igiya da fartanya, ya auna gonar, ya tayar da kunya a tsakiyarta. Kafin sati ya zagayo an raba tukunya. Sun ci gaba da gaisawa, suna zuwa sunan 'ya'yan juna, amma ba su ƙara ban ruwa tare ba har Allah ya ɗauki ran Baffa.

Yau filin makarantar an yi azuzuwa a kai, samarin ƙauyen kuma a kan ƙungiyoyin ƙasar waje suke faɗa, na garuruwan da ba za su taɓa gani ba. Na bi su da tambayoyi, na rubuta abin da na rubuta, kuma duk inda na juya abu ɗaya nake tararwa: ranar nasara kowa na ƙungiya ne, wanda abin ya shiga jininsa kuwa sai ranar da aka sha kashi ake gane shi.

Bara na je gida, muna zaune da Baba a zaure, tsufa ya riga ya rage masa gani. Ba tare da wani dalili ba ya ce, "Wai ranar nan, nawa da nawa aka tashi?"

Na ce, "Cinye mu aka yi, Baba. Biyu da nema."

Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Ashe shi ya sa bai taso ba. Ni duk shekarun nan na ɗauka murna ce ta riƙe shi."

Ya sa gefen riga ya goge ido. Ni kuwa ina wurin ranar, kuma ban taɓa gaya masa ba.